Mita DT830B a aikin fankar hita: inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗin mai gyara

Da wuya ka leƙa rumfar mai wayarin, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, ba ka tarar da 'yar mitar auna wutar lantarkin nan ba, rawaya ko baƙa, mai girman tafin hannu, an rubuta DT830B a goshinta. Ba kamfani ɗaya ke yin ta ba. Masana'antu da dama a China suna buga ta da sunaye iri-iri, shi ya sa sai ka ga guda biyu kamar an tsaga kara, amma ka buɗe bayansu ka tarar cikinsu ya sha bamban. Tana cikin mafi arhar mitoci masu nuna lamba, kuma arhar ce ta kai ta kowane gareji.

Abin da za mu duba shi ne aiki guda: tsohuwar mota ce, fankarta ta ɗauke gaba ɗaya, ko ta koma aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, ko kuma sai an daki dashbod take tashi. Shin wannan mitar za ta kai mutum ga inda cutar take? A awon bolt, wato ƙarfin wuta, za ta kai shi, har ma ta yi rawar gani. A awon om, wato juriyar da hanya ke yi wa wuta, sai da dabara. A awon amfiya kuwa, wato yawan wutar da ke gudana, kada ma a fara.

Fankar da ake magana ita ce wadda masu gyara ke ce wa bulowa. Guda ɗaya ce ke hura iskar hita, ita ke hura sanyin esi, ita kuma ke share raɓar da ke rufe gilashin gaba da damina ko da asubar hunturu. Don haka ko wanda bai taɓa kunna hita ba a rayuwarsa, ranar da ta tsaya zai ji a jikinsa.

Abin da ke cikin kwalin

Mita, tsinken awo biyu ja da baƙi, batir mai bolt 9, da 'yar takarda. Allon yana nuna lamba har 1999. A ɓangaren wutar batir akwai matakai biyar: 200mV, 2000mV, 20V, 200V da 1000V. Biyu ne za su yi maka aiki a mota, wato 20V da 2000mV (bolt 2 ke nan). A ɓangaren om akwai 200, 2000, 20k, 200k da 2000k. Ramukan sa tsinke uku ne: COM na baƙi, VΩmA na ja, sai na uku mai 10A, wanda za mu dawo kansa don shi ne mai haɗari.

Abin da babu ya fi damun mai aikin mota. Ba ta da fitila a allo, alhali aikin bulowa a kwance ake yin sa, kai a ƙarƙashin dashbod, cikin duhu. Ba ta kashe kanta, ka manta ta a kunne ta cinye batir. Mafi yawan masu lambar 830B ba su da ƙarar nan da ke sanar da kai cewa waya ba ta tsinke ba. Idan kana son ƙarar, nemi 'yar'uwarta DT830D ko DT832, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Wayoyin tsinken gajeru ne, sirara, kuma sukan tsinke daga ciki daidai inda suka shiga mariƙi. Bakin tsinken ya yi kauri, ba ya shiga bayan soket sai ka soka allura ko siririyar waya ka ɗora shi a kai.

Yadda wutar ke tafiya

Kafin a taɓa mita sai an san hanyar. Ɗauki Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai makunnin murɗawa da lamba huɗu. Wuta na tashi daga batir ta bi ta babban fis, ta shiga rile, wato makunnin da wuta ce ke kunna shi ba hannu ba, ta isa bulowa kai tsaye. Saurin kuwa a hanyar komawa ake sarrafa shi: waya ta biyu tana fita daga bulowa ta bi ta resisto, abin da ke rage wuta, da makunni kafin ta sauka jikin mota, wato at. A lamba 1 wutar tana ratsa resiston gaba ɗaya, a 2 da 3 tana ratsa wani sashe, a lamba 4 tana tsallake shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa fankar da ke aiki a lamba 4 kaɗai kusan kullum resistonta ne ya ƙone. A nan ma ba ka buƙatar mita sosai, alamar ta gama magana.

Volkswagen Golf 3 juye take. Wayarta mai ruwan ƙasa at ce ta dindindin, resiston kuma yana kan hanyar shigowar wuta. Wanda ya saba da Toyota ya zo yana auna Golf da tunanin Toyota zai zargi abin da lafiyarsa lau.

Fis da rile: nan mitar ta fi sauƙin kai

Fara da batir, mita a kan 20V. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan 12.6, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Wannan awon yana gwada mitar ita kanta. Idan ka ga batir yana nuna 14 ko 15 alhali inji a kashe, ba batirin motar ne ya yi ƙarfi ba, batirin cikin mitar ne ya yi sanyi. Halin irin waɗannan mitocin ke nan: batirinsu na raguwa, lambar da suke nunawa na hawa. An sha ɗora wa altaneta laifin cika caji saboda wannan.

Fis na bulowa a yawancin motoci mai amfiya 30 ne ko 40, kuma murfin akwatin fis zai nuna maka shi da sunan HTR ko HEATER ko hoton fanka. Ƙananan fis masu ƙafa biyu suna da ɗigon ƙarfe biyu a kansu: baƙin tsinke a jikin mota, ja a kan kowane ɗigo, makulli a kunne. Wuta a duka biyun, fis lafiya. Wuta a ɗaya kawai, ya tsinke, ko da ido bai gani ba. Manyan masu siffar akwati da taga a sama, hoda mai 30 da kore mai 40, sai an cire an auna da om, in kuwa irin wanda aka ɗaure da noti daga ƙasa ne kada a fizge shi da filaya.

Rile ma ya dace da ita. Ƙafafun nadin wayar da ke cikinsa, waɗanda a tsarin Bosch ake sa wa 85 da 86, sukan ba da tsakanin om 50 da 120, kuma matakin 200 yana karanta wannan da kyau. Sai dai nadi mai lafiya ba ya nufin bakin da ke haɗa ƙafafu 30 da 87 bai ƙone ba. Rile yana iya yin ƙas ɗinsa daidai amma bai wuce da wutar kirki ba. Hanya mafi sauri ita ce a musanya shi da wani rile mai lamba iri ɗaya daga cikin akwatin.

Inda take ruɗi

Ga abin da ya kamata duk mai wannan mitar ya haddace. A awon bolt, abin da take ja daga waya kusan babu: juriyarta ta ciki wajen om miliyan ɗaya ce, wato a kan bolt 12 tana jan kashi 12 cikin miliyan na amfiya ɗaya. Bulowa a lamba 4 tana jan amfiya 10 zuwa 20, gwargwadon mota. Saboda haka wayar da ta ruɓe saura silin tagulla ɗaya, ko soket da ya yi kore da tsatsa, zai nuna maka 12.6 tsaf idan ka zare soket ɗin ka auna. Ka ce wuta ta iso, ka yanke hukunci bulowa ce ta mutu, a je kasuwa a sayo ta Beljiyam, a ɗaura, shiru. Mitar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ce ba daidai ba.

A Golf 3 tarkon ya fi zurfi. Zare soket ɗin bulowa ka auna, za ka ga bolt 12 a lamba 1, da 2, da 3, da 4, duk ɗaya, domin resisto ba ya rage komai sai wuta na gudana ta cikinsa. Wanda bai san haka ba sai ya ce makunni ya lalace.

Maganin shi ne a auna soket a jone, fanka a kunne, ta bayan soket. A Corolla bulowar tana ƙarƙashin akwatin gaban fasinja, soket mai waya biyu, ana kai hannu ba sai an sauke dashbod ba. Kunna makulli, kai makunni lamba 4, baƙin tsinke a kan noti mai tsabta a jikin mota. Idan babu wuta a kowace waya, matsalar tana baya: fis, rile, ko makunnin da ke ta da rilen. Idan wayoyin biyu duka suna nuna bolt 12, wuta ta shiga ta ratsa bulowa amma ta rasa hanyar komawa, sai a bi makunni da wayar at. Idan ɗaya na nuna 12, ɗayar kusan sifiri, fanka kuma ba ta motsi, to yanzu ne za ka iya cewa bulowa ce.

Daga nan sai awon da ya fi kowane amfani, wanda kuma wannan 'yar mitar ke yi ba tare da gazawa ba: awon abin da ke zubewa a hanya. Fanka na juyawa a lamba 4, sa jan tsinke a kan kan batir mai alamar tarawa (+), baƙi a wayar shigowa ta bayan soket. Za ka buƙaci ƙarin waya don tsinkenta ba zai kai ba. Lambar da ka gani ita ce bolt ɗin da ya ɓace tsakanin batir da bulowa. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada ya wuce rabin bolt a hanyar shigowa, a hanyar at kuma kada ya wuce 0.2 zuwa 0.3. Matakin 2000mV ya fi nuna wannan dalla-dalla, in kuma abin ya fi ƙarfin matakin, lamba 1 kawai za ta fito a gefen hagu, ba abin da zai ƙone. Ka ga bolt 1 ko 2, sai ka riƙa matsar da tsinken gaɓa-gaɓa, kafin fis da bayansa, kafin rile da bayansa, har ka tsaya a kan gaɓar da ke cinye wutar.

Yi lissafin ka ga dalilin da awon om ba zai taɓa kama wannan ba. Soket da ke zubar da bolt 1 a kan amfiya 15 juriyarsa ba ta kai om 0.07 ba. Mafi ƙanƙantar abin da DT830B ke iya nunawa om 0.1 ne. A wurinta wannan soket ɗin lafiyayye ne. Amma wat 15 na zafi ke taruwa a ɗan wurin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, shi ya sa ake ganin robar soket ta narke ta yi baƙi. In ka ga haka, canza soket ɗin da ƙarafunansa. Goge shi da sanfefa kwana kaɗan zai yi ya dawo, domin zafi ya riga ya kashe ƙarfin matsewar ƙarfen.

Abokin tafiyar da mitar ke buƙata ba tsada gare shi ba: ƙwan sigina mai wat 21 da aka jona wa waya biyu. Yana jan kusan amfiya 1.75. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 ya fi, yana jan wajen 4.5. Sa shi a soket a madadin bulowa. In ya yi haske ja-ja kamar garwashi ko ya ƙi kamawa alhali mita ta ce 12, hanya ce ba ta da kyau.

Resisto

Yana kusa da bulowa, a cikin bututun iska, kusoshi biyu ke riƙe da shi. Juriyar sassansa ƙanana ce, om kaɗan, wasu ma ƙasa da om 1. Haɗa bakin tsinken mitar biyu a matakin 200: ba za ka ga sifiri ba, za ka ga wani abu kamar 0.4 ko 0.8, wani lokaci yana rawa. Wannan juriyar wayoyinta ce da makunninta na murɗawa, kuma dole ka cire shi daga duk abin da ka auna. Kuskuren da ya kusa kai girman abin da ake aunawa ba awo ba ne. Abin da za ta iya gaya maka da tabbaci shi ne a tsinke yake ko a haɗe. Wannan ma ya isa a yawancin lokuta, tun da resisto tsinkewa yake yi.

Akwai hanyar da ta fi: a bar shi a ɗaure a auna shi da bolt. A Corolla, tsinke a kan wayar komawa ta bulowa, ka murɗa makunni daga 1 zuwa 4. Lambar za ta fara da yawa, ta riƙa sauka mataki-mataki, ta kusa sifiri a lamba 4. Matakin da ya tsaya a cikakken bolt ɗin batir fanka kuma ta yi shiru, nan ne ya tsinke.

Yawancin resistoci suna da ɗan fis na zafi a jikinsu, a na Golf ana ganinsa ƙuru-ƙuru kamar ƙaramin harsashi na azurfa. Sau da yawa shi kaɗai ne ya tafi. Ana samun masu ɗaure shi da waya su ce an gyara. Fankar za ta tashi, amma an cire abin da ke hana bututun roba kamawa da wuta. A sa wani mai lambar zafi iri ɗaya da wadda aka rubuta a jikinsa, a matse shi da ƙarfe, kada a yi masa dalma don zafin dalmar ma yana iya kashe shi. Kuma kada a kunna fanka resisto na lilo a waje. Iskar bututun ce ke sanyaya shi, yana iya ƙona yatsa cikin daƙiƙoƙi.

Resisto ba ya ƙonewa haka kawai. Ko iska ba ta wucewa, ko bulowa na jan wuta fiye da kima. Matacin iska na Corolla yana bayan akwatin gaban fasinja, kuma ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe shi. Ganyen darbejiya da ke zuba ƙasan gilashi yana gangarawa cikin fankar, ɓera ma yana son wurin. Wanda ya canza resisto bai duba waɗannan ba, ya shirya sayen wani.

Ramin 10A

Tabbatar da cewa bulowa na jan wuta da yawa yana buƙatar awon amfiya, a nan kuma DT830B ta fita daga wasan. Iyakarta 10A, na 'yan daƙiƙoƙi, kuma a mafi yawansu ramin ba shi da fis sam, waya ce kawai a miƙe a ciki. Bulowa mai lafiya ma ta wuce wannan a lamba 4, balle lokacin tashi. Siraran wayoyin za su yi zafi su narke. Mafi muni shi ne a manta jan tsinke a wannan ramin a je auna batir: ka haɗe kawunan batir biyu ke nan da hannunka. Shawara ita ce a liƙe ramin da salatif tun ranar da aka saya.

Aikin na mita mai baki ce, wadda ake maƙalawa a waya, kuma dole ta zama mai karanta wutar batir. UNI-T UT210E tana yi har 100A. A kula da DT266 da ake yawan gani a kasuwa: wutar gida kaɗai bakinta ke karantawa, a mota ba za ta nuna komai ba.

Idan babu irin wannan, hannu da kunne za su taimaka. Kusoshi uku ke riƙe da bulowar Corolla. Sauke ta, juya fankar da yatsa: ta juya sumul ba tare da ƙara ko girgiɗi ba. Mai tauri ko mai kuka bushinta, inda sandar fankar ke juyawa, ya bushe, ita ce ke cin resisto. Jona ta da batir kai tsaye ta waya mai fis na 30, ka riƙe ta da kyau don tana fizga. Wadda sai an ƙwanƙwasa take tashi kabon ɗinta, wanda ke gogar amecha, wato sashen da ke juyawa a ciki, ya cinye. Mitar tana iya tabbatar da wannan: matakin 200, tsinke a ƙafafun biyu, ka juya fankar a hankali, in lambar na tsalle tana komawa 1 a wasu wurare, kabon ba ya taɓa amecha.

Motocin da ba su da resisto

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 tiransisto take amfani da shi, Peugeot 406 mai esi na atomatik ma ɗan allon lantarki ne a jikin bulowar. Alamarsu daban: ko fanka ta mutu a kowane mataki, ko ta maƙale a cikakken gudu ta ƙi raguwa. 'Yan ramukan gwada tiransisto masu alamar hFE da ke fuskar mitar ba na irin wannan tiransiston ba ne, ado ne kawai a wannan aikin. A Accord sai dai a bi ta ware-ware: tabbatar da wuta ta iso, sannan a taɓa wayar komawa ta bulowa da jikin mota. Ta tashi da cikakken ƙarfi, to fis, rile da bulowa sun fita, saura tiransisto, at ɗinsa, ko saƙon da ke zuwa daga allon makunni.

Duk soket mai launin rawaya a wajen nan na jakar iska ne, wadda ke kumbura a lokacin haɗari. Kada tsinken mita ya kusance shi, musamman a matakin om, wanda ke tura 'yar wuta cikin abin da ake aunawa.

Wani abu kuma da mita ba ta da hannu a ciki: fanka na hurawa da ƙarfi amma iskar ba ɗumi. Motoci da yawa a nan an cire musu tamostat, abin da ke sa inji ya riƙe zafinsa, wasu an zagaye tiyon hita an haɗe shi da kansa saboda ɗan lagireton cikin dashbod ya taɓa yoyo, wasu kuma ruwan famfo ya cika shi da tsatsa. Taɓa tiyo biyun da suka shiga bangon inji bayan mota ta yi zafi; ya kamata duka su ɗau zafi.

Ga mai mota da ke son ya san abin da ke damun fankarsa kafin a ce masa ya sayo kaya, DT830B haɗe da ƙwan gwaji ta biya kuɗinta. Ga mai wayarin da ke cin abinci da sana'ar, ta zama ta ajiya. Ya nemi mai ƙara, mai fitila, mai fis a ramin amfiya. Wanda zai saya ya gwada ta a shagon: ya haɗa tsinken a matakin 200 ya lanƙwasa wayoyin kusa da mariƙi, in lambar ta yi tsalle ya karɓi wata. Ya murɗa makunnin ya ji yana faɗawa kowane mataki daram. Ya sa sabon batir tun a ranar, don wanda ke zuwa a ciki ba ya daɗewa, ya kuma nemo kan kada biyu, wato 'yan maƙalai masu haƙora, ya sa wa tsinken saboda hannu ɗaya ya samu ya riƙe tocila. Kada a bar ta a kan dashbod cikin rana, allon baƙi yake yi, sai ya huce lambobin ke dawowa.